Shekarar da Aka Cire Ƙofar Maman Ladi

Na daɗe ina jin yadda kuke ba junanku labarin tashinmu daga Agege, kowa da yadda ya ji shi. Amina tana ganin bakina ne ya jawo mana. Sadiƙu yana ƙarami a lokacin, abin da ya riƙe kawai shi ne motar kaya da kukan da na yi a cikinta. Na kuma san wata ta taɓa gaya wa ɗayanku a gidan biki cewa uwarku ta kai mutumin da ya rene ta ƙara gaban hukuma. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya rasu bai yi muku bayani ba, don shi ba ya son tone abin da ya wuce. Ni kuwa tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, da inda na yi daidai da inda na kuskure.

A gidan Baba Alhaji aka haife ni, a can aka ɗaura mini aure, a can na haife ku duka. Gidan haya ne irin na Legas, ɗakuna a jere suna kallon juna, da dogon fasej a tsakiya wanda ya miƙe daga ƙofar titi har tsakar gida, inda rijiya da kicin da banɗaki suke. Shi Baba Alhaji da iyalinsa suna can sashen baya. Har yanzu idan na rufe ido ina jin safiyar gidan nan: ƙarar guga a rijiya, ƙamshin burodi daga gidan gashin da ke bayanmu, da jirgin ƙasa yana wucewa har kwanuka su riƙa kaɗawa a kan kanta. A fasej ɗin nan za ka ji Kananci, ka ji Hausar mutanen Maraɗi da kalmominsu na Faransanci, ka ji Yarbanci da Turancin buroka, wani lokaci duk a bakin mutum ɗaya. Mu da aka haifa a nan ba ma sanin lokacin da muke tsallakawa daga wani yare zuwa wani. Kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Idan mace ta haihu, gidan ne gaba ɗaya ya haihu.

Baba Alhaji dillalin shanu ne a Abatuwa, babbar mayanka da kasuwar shanun Agege, kuma ina so ku san irin mutumin da yake kafin ku ji abin da ya faru. Abokin mahaifina ne tun suna samari. Shi ya tsaya kai da fata sai an sa ni makarantar boko, ya ce yarinyar da za ta tashi a Ikko, wato Legas, ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin mota ba, wata rana za ta ɓata. Da mahaifina ya rasu, shi ya riƙe mu. Shi ne waliyyina ranar aure, kuma shi ya ja babanku jikinsa a harkar shanu har ya zama na hannun damansa. Ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba, 'yarsa Binta kuwa tare muka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Saboda wannan kusancin ne ma matan gidan, idan lokacin biyan haya ya yi, sukan ba ni in shiga masa da shi, don ni nake shiga ɗakinsa ba tare da an yi mini iso ba. Ba ya ba da rasit. A wurinsa magana ta isa, kuma shekara da shekaru ta isar.

Ɗakin farko daga ƙofa, mai taga a kan titi, na Maman Ladi ne. Mutuniyar Filato ce, Kirista. Mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa a Ebute Metta, bayan rasuwarsa ta ci gaba da zama ita da 'yarta Ladi, tana suyar ƙosai da doya a bakin gida. Hausarta irin ta mutanensu ce, ba ta raba mace da namiji, ni ma "kai" take ce mini, kuna yara kuna ta kwaikwayonta tana bin ku da mara. Ranar da naƙudar Amina ta tashi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babanku yana kasuwa, ita ta tare mota ta riƙe ni har asibiti. Duk Kirsimeti sai ta kawo wa babanku kajinta ya yanka mata, don kada wani a gidan ya ƙi cin shinkafarta. Da azumi kuwa takan jinkirta suyar yamma zuwa dab da shan ruwa, don mu samu ƙosai da zafinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, Nasiru, babban ɗan Baba Alhaji, ya karɓi kula da gidan saboda tsufa ya fara kama mahaifinsa. Titinmu ya cika da masu sayar da waya da kayanta, sai ya ga ɗakunan gaba sun fi dacewa da shaguna. Ban ga laifin wannan tunanin ba, gidansu ne. Aka gaya wa mutanen ɗakunan gaba su tashi cikin sati biyu. Sauran maza ne 'yan ci-rani, suka naɗe tabarminsu suka yi gaba. Maman Ladi ta shiga ta durƙusa ta roƙi a ba ta lokaci. Ladi tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, ita kuma ta fi shekara ashirin a ɗakin nan, ba ta san ko ta ina ake fara neman wani ba. Aka ce mata an ji. Sati biyu suka cika, aka ƙara ɗaya.

Ranar Lahadi ce, da hantsi, tana coci. Ina wanki a bakin rijiya na ji ana buga guduma a gaba. Da na leƙa sai na ga Nasiru tsaye, kafinta yana kwance ƙofar ɗakin Maman Ladi. Ya gama ya koma taga. Suka ɗauki ƙofa da tagar suka shige da su sashen baya, ta gabana suka wuce, har na janye bokitina na ba su hanya. Ban ce uffan ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku sani, domin masu cewa uwarku mai baki ce ba su ga ranar da bakin ya mutu ba. Da ta dawo cikin kayan cocinta, da Littafinta a hannu, ta tsaya tana kallon gadonta da akwatinta da hoton mijinta, duk a fili kowa na wucewa yana gani. Ba ta yi kuka ba. Ta ciro zani ta rataya a bakin ƙofar, ta nemi kwali ta toshe tagar. Damina ce kuwa. Kafin kwana uku katifarta ta jiƙe, waken suyarta ya fara tsiro a buhu, ita kuma tari ya kama ta.

Babanku ya sami Baba Alhaji a keɓe ya yi masa magana, shi kuwa Baba ya ce masa gidansa ne, kuma ya bar wa Nasiru. Wasu dattawan layi suka sa baki bayan sallar la'asar, suka dawo suka ce Maman Ladi ta yi haƙuri ta nemi wani wuri. A haka wata mata mai aiki a Ogba, wadda takan tsaya sayen ƙosai kowace safiya, ta ga zanin da ke rataye ta tambaya. Matar nan ce ta gaya mata akwai ofishin gwamnati da ake sasanta 'yan haya da masu gida, ba a biyan ko sisi, ba kuma sai da lauya ba. Maman Ladi ba ta karatu. Ta same ni a kicin ta ce, cikin ƙasa da murya, in raka ta in cike mata takarda kawai, ba sai na ce komai ba. Na gaya wa kaina cike takarda ba laifi ba ne. Na gaya wa babanku, ya ce in je in dawo da wuri.

Danfo biyu muka shiga, motocin hayar nan na Legas. A ofishin muka tarar da layin mutane a kan benci, wani an kwashe masa kwanon rufi, wata an yanke mata wuta da ruwa, wani ya dawo aiki ya tarar da kayansa a titi. Ni da aka haifa a Legas, sai ranar na san abin yana da yawa haka, kuma akwai inda ake kai shi. Wadda ta saurare mu wata dattijuwar Bayarbiya ce mai gilashi a kan hanci, kowa Madam yake ce mata. Ta bar Maman Ladi ta yi magana har ta gama. Sannan ta yi mana bayani a hankali, cewa mai gida yana da ikon karɓar ɗakinsa, amma wanda ke biya shekara-shekara sai an ba shi notis a rubuce na wata shida, idan ya cika bai tashi ba kotu ce za ta fitar da shi, ba kafinta ba. Cire ƙofa ko rufi don a kori ɗan haya laifi ne a doka. Ta ce rasit ma haƙƙin ɗan haya ne, ta tambaya ko akwai. Muka kalli juna. Ta rubuta takardar gayyata ta ce a kai wa mai gida.

Amsar da ta fito daga sashen baya ita ce ta canza komai. Nasiru ya aika wa ofishin cewa Maman Ladi ba 'yar haya ba ce, alfarma aka yi mata aka bar ta a ɗakin tun rasuwar mijinta, don haka ba ta da notis. Babu rasit, babu takarda. Mutum ɗaya ne a duniya ya san ba haka ba ne bayan ita da Baba Alhaji, kuma ni ce, ni da nake shiga masa da hayarta duk shekara a ƙulle a bakin ɗankwali. Maman Ladi ba ta roƙe ni ba. Na lura ma ta daina haɗa ido da ni, idan na fito fasej sai ta shige bayan zaninta. Binta ce ta zo, ta zauna a bakin gadona ta ce ba wanda ya ce in yi ƙarya, ranar zaman sasantawar in ce ba ni da lafiya kawai, in kwanta. Ta tuna mini makaranta, ta tuna mini aure, ta tuna mini likkafanin mahaifina. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya yi mini nauyi.

Ana gobe zaman, da safe, babanku yana shan koko kafin ya fita, na ce masa Madam ta aiko ta ce in zo in ba da shaida. Ya ajiye ludayin.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba," ya ce. "Ni na sani." Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. "Da hannunki kike kai masa?"

"Da hannuna, Malam."

"To, ba ni zan ce ki ce ba ki kai ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Iyakar shawarar da muka yi ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa goranta mini ba, ko a ranakun da tukunya ba ta hau wuta ba sai yamma.

Ban zaci Baba Alhaji zai zo da kansa ba, amma ya zo, cikin farar babbar riga, yana dogara sanda, Nasiru na biye da shi. Aka ba shi kujerar roba. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambayi yara. Madam ta ji ta bakin kowa, sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko na san Maman Ladi tana biyan haya. Na fara amsawa da Turanci, ina ganin kamar idan da baƙon yare na faɗa ba zai yi zafi sosai ba. Baba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Faɗa da Hausa, Rabi, in ji da kunnena."

Na faɗa da Hausa. Na ce tana biya, ni nake kai masa, bayan ƙaramar Sallah kowace shekara, kuma ba ta taɓa tsallake shekara ba. Idona a kan takalminsa. Nasiru ya yunƙura zai yi magana, mahaifinsa ya hana shi. Ya juya wajen Madam ya ce mata da Yarbanci, abin da yarinyar nan ta faɗa gaskiya ne. Ya yarda a mayar da ƙofa da taga a ranar, a ba Maman Ladi wata shida a rubuce, ya sa hannu da ajami. Da aka tashi na matsa in karɓar masa sanda ya gyara rigarsa, kamar yadda na saba tun ina yarinya. Ya miƙa wa Nasiru. Ya wuce bai dube ni ba.

Kafin magariba kafintan nan dai ya mayar da ƙofar. Bayan kwana huɗu Nasiru ya yi sallama a ɗakinmu ya miƙa wa babanku takarda. Notis ne, an buga shi tsaf, wata shida cif, babu inda aka saɓa wa abin da Madam ta faɗa. A Abatuwa kuma babu wanda ya ce wa babanku kada ya zo. Sai dai idan shanu sun sauka, wani ake kira. Ya yi sati biyu yana zuwa yana zama a kan benci har azahar, sannan ya daina. Matan layi da muka tashi tare suka rage gaisuwa, aka yi suna gida uku ba a aiko mini ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Amina. Yaron da ke nemanta ɗan ƙanwar Baba Alhaji ne, an kusa kawo kaya, sai aka ji shiru, shirun kuma ya zarce. Amina, na san kin yi wata biyu ba ki ci abinci a kwano ɗaya da ni ba, kuma ban taɓa ganin laifinki ba. Ba ke kika je ofishin ba, amma ke kika biya wani kason.

Watannin shidan nan mun yi su ne tare da Maman Ladi, kowa na ɗaure kayansa. Ladi ta gama makaranta ta sami aiki a Jos, ta zo ta tafi da uwarta. Ranar tafiyar Maman Ladi ta riƙe hannuna a bakin titi tana kuka, ta ce da ta san abin zai kai haka da ta kwana a ƙarƙashin gada. Na ce mata ba ita ta aike ni ba. Mu kuma muka koma Ikorodu, wajen wani abokin babanku, ɗaki ɗaya a bayan gari inda ba a jin jirgi, ba a jin kiran salla sai iska ta juyo. Babanku ya koma sayar da tumaki ɗaya-biyu a bakin hanya, mutumin da a da ake sauke masa tirela. Sannu a hankali Allah ya buɗa, har muka kai ga wannan gidan da kuka sani. Amma na yi shekaru idan na farka da safe ina kasa kunne in ji gugar rijiyar Agege.

Nakan zauna in auna abin. Abin da Maman Ladi ta samu ƙofa ce da wata shida, abin da muka rasa kuwa kun ji shi. Duk da haka, da za a mayar da ni gaban Madam, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, don an tambaye ni abin da na gani ne. Inda na kuskure daban ne. Ni da nake shiga ɗakin Baba ba iso, ban taɓa shiga na durƙusa na ce masa, Baba, abin nan bai dace da kai ba. Na bar babanku ya je, na bar dattawa suka je, ni kuwa na ji kunya na tafi ofis. Ya fara jin muryata a kan maganar ne a gaban baƙi. Wataƙila da na shiga da bai saurare ni ba, amma ya cancanci in gwada. Don haka ban yarda wani cikinku ya riƙe iyalinsa da mugun nufi ba. Duk inda kuka haɗu da su ku gaishe su da girmamawa.

Bayan shekara biyar muka ji Baba Alhaji yana kwance, jiki ya yi tsanani. Na tashi da safe na yi masa tuwon dawa miyar kuka da man shanu, irin yadda yake so, na zuba a langa muka kama hanya ni da babanku. Gaban gidan ya zama shaguna, sai da na tsaya na nemi ƙofar shiga. Binta ta tarbe mu, ta kai mu wajensa. Ya rame ƙwarai. Babanku ya gaishe shi ya amsa, suka yi musabaha. Na durƙusa na ce, Baba, Rabi ce, ya jiki. Ya dube ni, na kuma tabbata ya gane ni. Sannan ya juya fuskarsa bango. Na jira, na sake gaishe shi, na ce ya yafe mini. Bai juyo ba. Na ajiye langar a gefen gado muka fito, ban yi kuka ba sai da muka shiga mota. Kwana tara bayan haka ya rasu, babanku ya je jana'iza ya tsaya a sahun baya.

Bayan sadakar bakwai wani mai zuwa Ikorodu ya kawo mini langata a ƙulle cikin leda, ya ce Hajiya Binta ta ce a ba ni. Na buɗe don in ajiye, sai na ga goro fari guda biyu a ciki, an naɗe su a ganye, sun ɗan fara bushewa. Na ɗauki waya na kira ta, karo na farko a shekara biyar, na yi mata ta'aziyya, sannan na yi mata godiyar goro. 

"Wane goro?" ta ce. "Ni a rufe na ɗauko ta daga ƙarƙashin gadonsa, wankakkiya. Ban buɗe ba."

Na tambaye ta ko ya ci tuwon. Ta ce ita dai ba ta ga an zubar ba. Ban san wanda ya sa goron ba, ba kuma zan ce muku na sani ba. Da babanku ya dawo kasuwa na nuna masa. Ya juya su a tafin hannunsa, ya yi wa Baba Alhaji addu'a, ya fasa ɗaya ya miƙo mini rabi, muka zauna a bakin ƙofa muka ci.